Rana ta kowa ce, pano kuwa na mai kuɗi ne

A ƙasar Imanan, cikin gundumar Filinge, noman dankalin turawa yana tsaye ne bisa abu biyu: ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin dallol, da ƙarfin da zai ɗago shi zuwa garka. Ruwan dai Allah ya bayar. Ƙarfin kuwa, ko na esansi ne ko na hasken rana, ba a bakin rijiya ake tsaida kuɗinsa ba. A ofisoshin Yamai ake yi, wani lokaci ma a Abuja ko a ƙasar Sin.

Matafiyin da ya baro Yamai ya kama hanyar Filinge, in ya wuce Hamdallay da Baleyara, kafin ya isa babban garin ƙasar Kurfai zai ratsa Bonkuku, hedikwatar ƙaramar hukumar Imanan. Garin yana cikin Dallol Boso, wato tsohon kwarin nan da ya gangaro daga Azawak har ya faɗa kogin Isa, wanda ruwansa ya daina gudana a sama tun zamanin da ba wanda ya tuna, amma bai bar ƙasa ba. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A nan maganar ba karin magana ba ce kurum: a wurare da dama haƙan ƴan mitoci ya isa a tarar da ruwa. Abzinawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da ke zaune a yankin sun daɗe da sanin haka.

Tun 1954 ake shuka dankalin turawa a Imanan, da farko kaɗan-kaɗan, a gefen sauran kayan miya. Fari da yunwa ne suka maida shi babbar sana'a. Bayan bala'in 1973 da na 1984, musamman lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu nan maƙwabta, ta tura jama'a noman rani, garka ta zama abin da ke hana magidanci tafiya ci-rani, ta zama kuma abin da ke cike giɓin rumbu in gero bai yi ba. A yau dankalin Bonkuku suna gare shi a kasuwannin Yamai. Iri daga Turai yake zuwa a ƙarshen damina, a shuka shi da shigowar sanyi, a haƙe shi bayan wata uku ko ɗan fiye. A tsakanin nan kuwa ba ya son ƙishirwa ko ta kwana kaɗan.

Da can da guga da ƙarfin damtse ake ban ruwa, kuma iyakar garkar mutum ita ce iyakar ƙarfin iyalinsa. Zuwan ƙananan injunan ban ruwa masu shan esansi da rijiyoyin bututu ya faɗaɗa garake, amma ya ɗaura manomi ga tashar mai. Lissafin ba wuya gare shi ba. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta maida litar esansi sefa 499. In aka ɗauka, a misali, injin ya sha lita biyu a yini, jika guda ke nan kullum, jika 90 kafin dankali ya nuna, ban da bakin mai da gyara. Wanda ba shi da wannan kuɗi a hannu, sai ya karɓi bashin iri da mai wurin ɗan kasuwar da zai sayi amfanin daga baya, a farashin da mai bin bashi ne ke da babbar murya wajen tsaida shi. Alhali kuwa duk tsawon wannan lokaci rana tana bisa kansa tun hantsi har la'asar, ba ta neman ko dala.

Ƙasar da ta riga kowa tashi

Abin da ke ba mai tunani haushi shi ne, Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1965 aka kafa ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, lokacin da yawancin ƙasashen duniya ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Daga 1969 aka damƙa shi ga Farfesa Abdu Mumuni Joffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyya wanda ya fara irin wannan aiki a Bamako kafin ya dawo gida. A ƙarƙashinsa ofishin ya ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace shi, da murhun rana, har da gwajin injin da zafin rana ke juyawa. A 1968 kuma, a wata lakwal kusa da Yamai, an kunna telbijin na koyarwa da allon hasken rana, abin da masu tarihin wannan fasaha ke lissafawa cikin gwaje-gwajen farko a karkara a duniya baki ɗaya.

Sai dai ofis ba ya rayuwa da basirar mutum guda. Da kuɗin uraniyom suka faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan masu ba da rance, bincike yana cikin abin da aka fara yankewa, domin mai bincike ba ya fita zanga-zanga. Farfesan ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, ofishin ya sake suna a 1998. An girmama mutumin, aka bar aikinsa da ɗan abin da zai biya albashi.

A shekarun 1990 shirin ƙungiyar CILSS, da kuɗin Turai, ya kafa fanfunan ruwa masu aiki da rana a ƙauyukan Sahel, har da na Nijar. Wasu sun daɗe suna aiki. Wasu kuwa sun tsaya saboda ƙaramin abu ya lalace babu mai gyara kusa, ko asusun kwamitin ruwa ya zama fanko, ko ɓarayi sun kwance allunan da dare. Tun daga lokacin ya kamata a gane cewa kafa na'ura ita ce mafi sauƙin sashen aikin.

Me ya sa hukuma ba ta damu ba? Saboda tana da wuta mai araha. A 1968 aka kafa kamfanin NIGELEC, a shekarar kuma Najeriya ta gama madatsar Kainji bisa kogin da ya ratso ta Nijar. A 1976 wayar da ta taso daga Birnin Kebbi ta iso Yamai. Jami'an Najeriya da kansu sun sha faɗin dalilin wannan karamci: gara a sayar wa maƙwabci wuta da rahusa da a bar shi ya tare ruwan kogi daga sama. Haka aka zauna shekara kusan hamsin, har ya kasance wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga ƙetaren iyaka take zuwa. Madatsar Kandaji, da ke cikin jahar Tilaberi, wadda ake zancenta tun shekarun 1970, Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinta a 2008; aka soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, aka ba wani na Sin ya sake tada aikin a 2019, ya dakatar a watan Agusta na 2023. Megawat 130 da aka yi alkawari har yanzu ba su kunna ƙwai ko ɗaya ba.

Ranar da aka tsinke waya

Kayan aro ba ya rufe katara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar. Yamai da Doso da Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon kuran na ƴan awoyi. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara sun san abin da suka yi asara. Ma'aikacin ofis ya koyi zama gaban kwamfutar da ba ta kamawa. Sai bayan ɗage takunkumin, ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar ta dawo.

A cikin wannan duhu ne tashar hasken rana ta Goru Banda ta zama abin magana. Tana da ƙarfin megawat 30, da alluna sama da 55,000, ta ci kusan miliyar 20 na sefa, akasarinsu rancen hukumar AFD ta Faransa da gudummawar Tarayyar Turai. Shugaba Bazum Mohamed ya ƙaddamar da ita a watan Yuli na 2023, makonni uku kafin a kifar da shi. An shirya ta fara aiki a ƙarshen Agusta, amma da dangantaka da Faransa ta ɓaci, yawancin ƙwararrun baƙi suka tafi, sai a watan Nuwamba aka samu aka kunna ta. Tashar ta rage raɗaɗi ƙwarai, kuma waɗanda suka tsaya suka tada ta sun cancanci yabo. Amma labarinta ya nuna abu guda a fili: rana ta Nijar ce, kuɗin da fasahar kuwa na wasu ne, kuma siyasa tana iya tsaida su kamar yadda ta tsaida wutar Kainji. Bankin Duniya ma, wanda a Disamba 2021 ya amince da dalar Amurka miliyan 317 don kashin farko na shirin HASKE na kai wuta ga jama'a, ya dakatar da fitar da kuɗi bayan juyin mulkin, sai a 2024 ya koma.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wutar Goru Banda ta wa ce? Ita da ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 da rancen Indiya, duk cikin wayar NIGELEC suke zubawa. Wayar kuwa ba ta kai ga kowa ba. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, a karkara kuma bai kai ɗaya cikin goma ba. Ko a garin da turakun waya suka shiga, iyakarsu kasuwa da gidan likita da unguwar ma'aikata; ba sa bin manomi cikin garka. Tsarin da gwamnati ta amince da shi a 2018 ya yi alkawarin kai wuta ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a kafin 2035. An kafa hukumar ANPER a 2013 don wutar karkara, da ARSE a 2015 don sa ido kan farashi, aka yi sabuwar dokar lantarki a 2016. Hukumomi dai ba su yi ƙaranci ba. Sai dai babbar tasha tana da ranar yanke ƙyalle da hoton shugaba, fanfo dubu da aka warwatsa cikin dallol kuwa ba su da ita, kuma kowane ɗan siyasa, mai kaki ko mai babbar riga, ya san bambancin.

Abin da ya faru ga waɗanda suka ɗan fi mu

Bankin Duniya yana lissafa Nijar cikin ƙasashe masu ƙaramin samu. Najeriya da Benin da Senegal da Maroko da Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu suna sahun masu matsakaicin samu, wanda mai fetur ɗin Agadem, da ya fara fita ta bututun Benin a 2024, ya sa wasu ke hangen za mu shiga wata rana. Yana da kyau a duba abin da suka tarar, domin a can ma ba rashin rana ke kawo cikas ba. Farashin allon hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙirarsa kuma a Sin ake yi. Tun da abin ya yi araha, rigimar ta koma kan wanda zai ci riba da wanda zai rasa abincinsa.

A Afirka ta Kudu, inda gawayin ƙasa ke ba da akasarin wuta, an buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar kafa tashoshin rana da iska a 2011. A 2016 kamfanin gwamnati, Eskom, ya ƙi sa hannu kan sababbin yarjejeniyoyi, aka yi ta jan ƙafa har Afrilu 2018. Wata babbar ƙungiyar ƙwadago ma ta je kotu don ta hana, saboda tsoron makomar ma'aikatan gawayi. Ba mahaukata ba ne: garuruwa ne sukutum ke ci daga ramin gawayi. Mutumin Cirozerin da ke aiki a SONICAR, ko wanda ke jiran aikin gawayin Salkadamna a jahar Tawa, zai fahimce su. A taron Glasgo na 2021 ƙasashe masu arziki sun yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dalar Amurka miliyar 8.5 don ta rage dogaro da gawayi, yawancinsu rance. A Maris 2025 Amurka ta janye nata kason. Maroko kuwa ta gina katafariyar tashar Nur a Warzazat, ta buɗe kashin farko a 2016, duniya ta tafa mata, daga baya majalisar ba da shawara ta ƙasar da kanta ta nuna cewa ana sayar da wutar ƙasa da kuɗin da ake kashewa wajen samar da ita.

Darasin da ya fi shafar ma'aikaci mai biyan kuɗin kuran kowane wata daga Pakistan yake. A can gwamnati ta ɗaure kanta da yarjejeniyoyin biyan masu manyan tashoshi ko an sha wutarsu ko ba a sha ba, kuɗin wuta ya yi ta hawa. Jama'a ba su jira wani shiri ba. A 2024 kaɗai an shigo da allunan Sin masu ƙarfin wajen megawat 17,000, wato Goru Banda sau ɗari biyar da ɗoriya, aka jera su bisa rufin masana'antu da shaguna da gidajen masu hali, da kuma bakin rijiyoyin manoma da suka gaji da sayen gazuwal. Sai me? Masu manyan takardun biya suka rage sayen wutar kamfani, bashin tashoshin kuwa bai ragu ba, nauyinsa ya koma kan wanda ba shi da kuɗin sayen allo. A 2025 gwamnati ta aza harajin kashi 10 cikin ɗari bisa allunan da ake shigowa da su. Wanda ya ga yadda shagunan sayar da pano da batir suka yawaita a Yamai tun 2023 ya san tambayar ba ta da nisa da mu: in manyan ƴan kasuwa da otel-otel da asibitocin kuɗi suka juya wa NIGELEC baya da rana, suka dawo mata da dare kawai, wa zai biya kuɗin waya da na injunan gazuwal? Malamin makaranta mai fanka biyu da firijo guda shi ne ba shi da inda za shi.

Indiya ce ta fi kusa da matsalar Imanan. A 2019 ta fito da shirin fanfunan rana ga manoma: gwamnatin tsakiya ta biya kashi 30 cikin ɗari, jaha ta biya 30, manomi ya kawo sauran, akasari ta hanyar rancen banki. Amma ita Indiyar ce kuma, daga Afrilu 2022, ta aza kuɗin duwan na kashi 40 cikin ɗari bisa allunan waje don ta kare masana'antunta. Hannu ɗaya yana rage wa manomi farashi, ɗayan yana ƙara masa. Najeriya ta kusa bin wannan hanya: bayan Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma ninka wa manyan masu shan wuta farashi fiye da sau uku a Afrilu 2024, mutane suka ruga sayen alluna, a Maris 2025 ministan kimiyya ya ba da sanarwar niyyar hana shigo da su don a ƙera a gida, ƴan kasuwa suka yi caa. Fataken da ke sayo kaya a Kano suna kawowa Maraɗi da Konni suna da dalilin sa kunne ga wannan muhawara.

Komawa bakin rijiya

Janye tallafin Najeriya ya taɓa garaken Nijar kai tsaye. Shekara da shekaru man sumoga mai araha, wanda ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, shi ke tada injuna da yawa. Da ya yi tsada, jama'a suka koma tashoshi, matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 ta kasa ƙosar da kowa, har aka yi ƙarancin esansi mai tsanani a Maris 2025. Ga mai mota, dogon layi ne da ɓacin rai. Ga mai garka, kwana uku babu mai yana iya zama asarar shekara.

Rage kuɗin mai da aka yi a 2024, esansi zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, mataki ne da jama'a suka yi marhabin da shi, kuma babu mai zargin gwamnatin ƙasa mai haƙo mai don ta sauƙaƙa wa talakawanta. Haka nan rahusar iskar gas ta girki, wadda aka yi don a ceci itatuwa, ta sa manoma a wasu yankuna sun koyi juya injin ban ruwa ya sha gas. Amma kowane irin sauƙi yana da inda yake tura mutane. Sauƙin mai kullum ake cinsa, kullum ake sake biyansa, kuma wanda ya fi yawan motoci shi ya fi morarsa. Sauƙin fanfon rana sau ɗaya ake biyansa. Na farko yana bayyana a allon kowace tasha washegari. Na biyu sai an bi ƙauye-ƙauye da takarda da haƙuri. Ba a buƙatar boka ya faɗi wanda minista zai fi so.

Ba a ce hukuma ba ta yi komai ba. A 2017 an fitar da jerin kayan ƙarfin rana da aka yafe wa kuɗin duwan, a shekarar kuma aka fara shirin NESAP da kuɗin Bankin Duniya. Sai dai yafewar takarda tana amfanar babban mai shigo da kaya da ya san ƙofar ofis. Ƙaramin ɗan kasuwa mai alluna ashirin cikin motar haya sau da yawa bai ma san da ita ba. Tun 2023 kuma, da iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayarin da soja ke rakiya, kuɗin hanya ya cinye wani abu daga rahusar da kasuwar duniya ta kawo.

Sannan ga maganar inganci, wadda ta shafi mutuncin ƴan kasuwa kansu. A kasuwannin Afirka ta Yamma ana samun allon da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, da batir ɗin da zafin bazara ke kashewa kafin shekara ta zagayo. Manomi ba shi da na'urar awo. In aka cuce shi sau ɗaya, ba shi kaɗai zai guji pano ba, ƙauyen ne duka. Araha ba ta ado. Aikin cibiyar da ta gaji ONERSOL ke nan in an ba ta kayan aiki da iko: ta auna abin da ke shigowa, ta sa hatimi, ta horar da samari masu gyara a Filinge da Baleyara da Bonkuku, yadda in fanfo ya tsaya ba sai an jira wani daga Yamai ba, a yankin da matsalar tsaro da dokokin hana zirga-zirgar babura da aka sha kafawa tun 2020 suka sa tafiya ta yi wuya.

A wajen fasaha, dallol ya dace da rana ƙwarai. Ruwa kusa yake, saboda haka ƙaramin fanfo ya isa. Ba a buƙatar batir, wanda shi ne ya fi saurin mutuwa: fanfo ya yi aiki da rana, a tara ruwa a tafki ko randar siminti, a shayar da yamma. Abokin gaba shi ne ƙurar hunturu, wadda ke zuwa daidai lokacin dankali, tana rufe allo tana rage masa ƙarfi in ba a share kullum ba. Babbar matsalar kuɗin farko ce. Injin esansi yana da sauƙin saye da tsadar riƙewa. Fanfon rana yana da tsadar saye da sauƙin riƙewa. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, kuma rabinsu na mai bin bashi ne, ba zai iya tsallake wannan rami ba sai da rancen shekara biyu ko uku wanda ake biya bayan haƙar dankali. Bankunan Yamai ba su saba da irin wannan rance ba, kuma suna neman jingina. Wanda ke noma filin aro, kamar yadda mata da samari da yawa ke yi, ba shi da takardar da zai nuna. In aka bar abin ga kasuwa kaɗai, mai fili da shanu zai sayi fanfo ya faɗaɗa garka, maƙwabcinsa ya koma ɗan ƙodagonsa.

Masu lura da ruwa suna da nasu gargaɗin. A jahar Panjab ta Indiya, inda aka ba manoma wuta kyauta tun 1997, an ja ruwan ƙasa har rijiyoyi suka yi ta nitsewa, kuma fanfon rana shi ma ba ya aiko da takardar biya da za ta sa mutum ya kashe shi. A yammacin Nijar lamarin ya ɗan bambanta: binciken masana na cibiyar IRD da abokan aikinsu na Yamai ya nuna cewa a gabas da babban birni ruwan ƙasa hawa ya yi, kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, domin saran daji ya sa ruwan sama yana gangarawa tafkuna yana nitsewa. Wannan sarari ne da Allah ya bayar, amma an auna shi ne kafin fanfuna su yawaita, kuma mutanen kudancin dallol, masu dafa kanwa da gishiri, sun san abin da ke fitowa saman ƙasa in aka yi wa ruwa garaje.

Akwai kuma abin da ya wuce ban ruwa. Dankalin Imanan kusan lokaci guda yake nuna, daga Janairu zuwa Maris, a daidai shigowar zafi. Ba ya jure ajiya a ɗakin kwano. Dole a sayar da shi nan take, farashi ya faɗi, bayan ƴan watanni kuma kasuwar Yamai ta koma neman na wasu wurare da tsada. Ƙara fanfuna ba tare da ɗakin sanyi ba ƙara tulin dankali ne a makon da ba ya da daraja. Ɗakin sanyi kuwa ya fi ƙarfin manomi guda. Aikin ƙungiyar manoma ne, ko ƙaramar hukuma, ko ɗan kasuwa mai jari, kuma wanda ya riƙe mabuɗinsa shi zai riƙe farashin dankali daga Afrilu zuwa faɗuwar damina. Dillalan da ke cin riba daga gaggawar manomi a yau ba za su yi murna da ganinsa a hannun ƙungiya ba, sai fa in sun riga sun gina nasu.